Mintin da Ya Yi Fari

Ƙarfe tara na safe, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, amma sama ba ta washe ba. Irin safiyar nan ce da riga ba ta bushewa a igiya, gishiri kuma ya dunƙule a gwangwani. Motar kamfani ta shigo da baya, direba ya sauke kwalaye ya jera su a gindin bango, bai kalli kowa ba. Mintinmu ne masu shaguna suka maido.

Kamfanin namu ba wani babba ba ne. Akwai ɗakin wuta, akwai ɗakin tebur, sai zauren da mata ke zama suna naɗe minti a leda, sai ɗan ofis a kusa da ƙofa. Goggo, yayar babana, ita ke dafa sukari a ɗakin wuta, shekararta ashirin da biyu a gaban tukunyar nan. Ita ta kawo ni. Aikina in ɗauko tukunya daga wurinta, in kai ɗakin tebur, in juye a kan teburin ƙarfe da aka shafa wa mai, in yanka kafin ya daskare. Hawainiya ake kirana saboda tafiyata. Ban taɓa damuwa ba. Duk wanda ya taɓa rungumar tukunyar tafasasshen sukari ya san dalilin da ba na sauri.

Manaja ya yage kwali ɗaya. Ƙanen matar Mai Kamfani ne, watansa huɗu da zuwa. Ya ɗebo minti ya buɗe tafin hannunsa a gabanmu. Mintinmu ja ne garai, idan ka ɗaga shi kana hango yatsanka ta ciki. Wannan kuwa ya yi fari kamar an tsoma shi a toka. Manaja ya matsa ɗaya, ya marmashe a hannunsa.

Bai tsaya a tsakar gida ba. Ya wuce zauren naɗi, inda mata goma sha biyu ke zaune, ya sa aka kira Goggo.

"Wannan sukari ne?" ya tambaye ta.

"Sukari ne," in ji Goggo.

"Sukari ba ya zama alli. An yi mana haɗi. Ana kwashe sukari ana cika tukunya da wani abu, ko alli ne ko sitaci, mai zubawa ta sani. Kullum da jaka kike fita daga gidan nan, kowa ya gani."

Hannuwan mata suka tsaya a kan leda. Goggo ta dube shi tun daga takalmi har hula. Ta kwance rigar aikinta, ta ninke ta gida huɗu, ta ajiye a kan tebur. Manaja ya ce ba za ta ƙara shiga ɗakin wuta ba sai Mai Kamfani ya zo da azahar, ya je ya danna wa ƙofar kwaɗo.

"Ka kulle da kyau," in ji Goggo, "kada sukarin ya biyo ni."

Ta fita ta zauna a benci a ƙarƙashin rumfar kwano, inda ruwa ke ɗiga kusa da ƙafarta.

Ni ina tsaye a bakin ɗakin tebur, na kuwa san abin da ya sa mintin ya yi fari.

Tun satina na farko Goggo ta yi mini bayani, tana wanke gefen tukunya da jiƙaƙƙen buroshi. Ta ce sukarin da ke buhu kamar sojoji yake, kowace ƙwaya a layinta, shi ya sa yake fari yake kuma marmashewa. Idan aka narka shi, layi ya watse, kowa ya kama gabansa. Dabarar minti ita ce ka sanyaya shi da wuri, kafin su sami damar komawa layi. Sai su daskare a inda suke, a hargitse, kamar mutanen kasuwa da aka ce kowa ya tsaya cak. Shi ne haske ke ratsa shi, shi ne yake karyewa ƙas kamar kwalba. Wani mai gilashi da ya zo gyaran taga ya ji ta tana faɗa, ya ce nasu ma haka yake, sai dai su yashi suke narkawa.

"Amma ransu na ga layi," in ji Goggo. "Ƙwaya ɗaya ta faɗa ciki bayan an sauke, ta zama saje. Ita za ta yi ta kiran sauran, yau ɗaya gobe goma, har su jeru. In da damina ne ma sun fi jin kira."

Shi ya sa ba ta barin ko ƙwaya ɗaya ta bushe a gefen tukunya. Shi ya sa kuma ɓurɓushin da ke zuba idan na yanka minti, ba ta yarda a mayar da shi haka nan. Tara shi ake yi a faranti, washegari ta narka shi cikin ruwa tun farkon dahuwa.

Manaja bai so wannan ba. Ya ce ƙarin ruwa ƙarin lokaci ne a kan wuta, gas na ƙonewa a banza. Sati uku da suka wuce ya same ni a ɗakin tebur, ya nuna farantin ɓurɓushi, wanda ɗanshin damina ya riga ya sa ya yi fari-fari. Ya ce daga yau in na shigo da tukunya in juye farantin a ciki, in ɗan motsa, sannan in zuba a tebur.

"Zafin nan ba ya barin komai," in ji shi. "Kada ka gaya wa tsohuwa, surutu za ta yi."

Na so in yi magana. Amma na ga ɓurɓushin ya nutse ya ɓace, mintin ya fito ja kamar kullum, sai dai ɗan hazo da ba kowa zai lura ba. Na ce a raina wataƙila mai ilimi ya fi mu sani. Goggo kuwa da na ɗauke tukunya take ɗora wata, ba ta leƙo ɗakin tebur. Da ta nemi faranti, Manaja ya ce yanzu masu shayi ake ba wa. Haka na yi ta zubawa, sati uku.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka fara kiran mu ofis ɗaya bayan ɗaya. Mai sito ya shiga ya fito yana share wuya. Mata suka shiga suka fito kansu a ƙasa. Ni ne na ƙarshe.

Takarda ce a kan tebur, da biro a kai.

"Sa hannu a nan," in ji Manaja.

"Bari in karanta, Yallaɓai."

"Kai ma karatun za ka yi? To mun kai la'asar."

Na bi layin da yatsa. An rubuta cewa mu ma'aikata mun sha ganin mai dafa sukari tana fita da jaka mai nauyi. Ba ƙarya ba ne, shi ya sa mutane suka sa hannu. Jakar nan na san ta: kwanon abincinta ne a ciki, da filas, da maganin gwiwa, da takalmin roba. Na ajiye biron a gefen takardar.

"Ba zan sa ba."

"Me ka ce?"

"Ba zan sa hannu ba. Ɓurɓushin nan ne, Yallaɓai. Ni da kai mun sani."

Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna a bakin tebur, ya sassauta murya kamar mai ba ƙane shawara.

"Wane ɓurɓushi? Akwai takardar da na rubuta maka? Hannun wa ya zuba? Ka yi tunani, Hawainiya, tunda kai ba ka gaggawa. Tsohuwar nan ta gaji, 'ya'yanta sun girma, za su riƙe ta. Kai fa? Na ji matarka ta kusa haihuwa."

"Na sani, Yallaɓai. Gidana ne."

"To sa hannu."

"A'a."

Ban ɗaga murya ba, ban iya ba ma. Ya yi ta magana, ni kuma ina kallon wani ƙuda da ya maƙale a kan mintin da ke cikin faranti. Da ya gaji ya ce in fita, na fita.

Na je na zauna a ƙarshen bencin Goggo. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ba ta juyo ba.

"Sati nawa?"

"Uku."

"Da hannun nan da na koya wa riƙon buroshi."

Na dubi tafin hannuna.

"Ba ka iya tako ɗaki ɗaya ka tambaye ni ba? Ko nan ma tafiyar ta yi maka nisa?"

"Ya ce za ki yi surutu."

"Ai da na yi. Da na yi surutu, da yau ba a kira ni ɓarauniya a gaban yaran da na girme wa iyayensu ba."

Ta buɗe jakar, ta ciro maganin gwiwa, ta mayar ba ta shafa ba. Can ta ce, "Ka sa hannun?"

"Ban sa ba."

"Tashi ka je ka sa."

Na dube ta.

"Kunnenka ƙalau. Yarinyar nan matarka wata ɗaya ya rage mata ta haihu. In suka kore ka, iska za ku ci? Ni na ga jiya na ga yau, abin da za su faɗa a kaina ba zai hana ni barci ba. Ka rufe bakinka, ka riƙe aikinka. Wautar da ka yi ta isa, kada ka ƙara wata."

Ƙarya take, zai hana ta barci. Matar da in ta ari allura sai ta maido da zare a ciki. Tun ina yaro ban taɓa yi mata musu ba, ko a kan aski.

"Ba zan sa ba, Goggo."

"Kai, ɗan nan."

"Ba zan sa ba."

Ta ja tsaki, ta juya mini baya. Muka zauna haka, ita tana kallon gabas ina kallon yamma, har aka ji ƙarar motar Mai Kamfani.

Mai Kamfani dattijo ne mai sanyin hali, likita ya hana shi shan abin da yake sayarwa. Ya duba kwalayen, ya murza minti ɗaya, ya shiga ofis da Manaja. Da suka fito takardar na hannunsa. Ya tsaya a gaban benci, ya kasa haɗa ido da Goggo.

"Goggo, abin nan bai yi mini daɗi ba. Amma mutum goma sha uku sun sa hannu."

"Sun iya rubutu, ba laifi," in ji ta.

Na miƙe. "Ranka ya daɗe, ina neman kofin gilashi biyu da ruwan zafi."

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Manaja. "Koma bakin aikinka."

"An kulle aikin nawa, Yallaɓai. Makullin na aljihunka."

Wata daga cikin matan da suka taru a ƙofar zaure ta yi dariya ta toshe baki. Mai Kamfani ya ce a kawo. Aka ɗauko kofuna daga ofis, na ɗauki filas ɗin Goggo ban tambaye ta ba. A kofi na farko na jefa farin minti uku. A na biyu na zuba cokalin sukari daga buhu, na kankare ɗan alli daga wanda muke rubutu da shi a allon bango, na zuba a kai. Na cika su da ruwan zafi, na ɗora a kan benci, na motsa, na koma gefe.

Jira aka yi. Ni jira ba ya ba ni wahala, amma Manaja ya duba agogo sau uku. A hankali farin mintin ya ƙanƙance ya ɓace, ruwan ya zama ja garai, kana hango ƙusar benci ta cikinsa. Ɗaya kofin ya yi fari kamar ruwan wanki, allin ya kwanta a gindi.

"Alli ba ya narkewa, ranka ya daɗe," na ce. "Sitaci ma da ya sa ruwan ya gurɓace. Wannan babu komai a cikinsa sai sukari."

"Wasan yara," in ji Manaja. "Wa ya san abin da ta zuba? Wataƙila mai narkewa ne."

"To a dafa shi," na ce. "In akwai wani abu a ciki, yana nan, zai sake fitowa. In sukari ne zalla, zai koma yadda yake."

Mai Kamfani ya miƙa wa Manaja hannu, ya karɓi makulli, ya buɗe ɗakin wuta da kansa.

"Goggo, bismillah."

"An fitar da ni waje, a waje nake," in ji ta. "Kada in shiga wani abu ya ɓata."

Ya roƙe ta sau biyu, ko motsi ba ta yi ba. Sai kowa ya juyo yana kallona. Shekara shida ina ɗaukar tukunyar nan, ban taɓa dafa ko ɗaya ba.

Na ɗauki ƙaramar tukunya. Na sa mata suka ɓare mini farin minti cike da kwano, na zuba, na ƙara ruwa, na motsa a kan ƙaramar wuta. Ban bar ta ta tafasa ba sai da na ɗebo a ludayi na murza da yatsa, na ji babu sauran tsaki ko ɗaya. Sannan na cire ludayin na ajiye nesa, na ƙara wuta, na ɗauki buroshi.

Ɗakin ya cika da mutane da tururi. Manaja na tsaye a bayana.

"Juya shi mana, ya yi sauri."

"Ba a juyawa."

"Ƙone shi za ka yi."

"Ka ɗan matsa, Yallaɓai, yana tsalle."

Tagar ɗakin wuta tana kallon bencin. Goggo ba ta leƙo ba, amma sai na ji muryarta, wai da mai sito take magana.

"Wasu mutanen idonsu ɗaya ne. Gefen dama kawai suke gani a tukunya."

Na duba hagu, ga ƙwayoyi sun fara bushewa a bakin tukunyar. Na tsoma buroshi a ruwa na wanke su. Kumfar ta tashi manya-manya, daga baya ta koma ƙanana masu nauyi, ƙarar tafasar ta sauya. Na ɗiga kaɗan a kwanon ruwan sanyi, ya dunƙule, na matsa ya lanƙwashe. Da saura. Mai Kamfani ya nemi kujera ya zauna. Na sake ɗigawa, ya yi tauri amma yana kama haƙori.

"Wasu kuma," in ji murya daga taga, "in suka tsaya tunani sai an ji ƙauri."

Na ɗiga na uku. Ya yi zare a cikin ruwan, na ɗauko na karya, ya ce ƙas. Na kashe wuta, na ɗauki tukunya, mutane suka dare. Wajen juyewa a tebur ɗigo ɗaya ya yi tsalle ya sauka a wuyan hannuna na hagu ya manne. Ban saki tukunyar ba sai da ta ƙare.

Ya bazu a kan ƙarfen, siriri. Muka tsaya a kansa har ya daina sheƙin ruwa. Na sa wuƙa na ɓamɓaro wani yanki mai faɗin tafin hannu. Ya fi na kullum duhu kaɗan saboda dahuwa biyu, amma babu hazo ko kaɗan. Na miƙa wa Mai Kamfani. Ya ɗaga shi wajen taga. Sannan ya ɗora shi a kan takardar da ke hannunsa, ya sunkuya yana karanta sunayen waɗanda suka sa hannu ta cikinsa.

"Wannan shi ne wancan farin?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. A gabanka aka ɓare."

"To me ya same shi?"

Na faɗa masa. Na faɗi zancen faranti, da sati uku, da yadda ɓurɓushin da ya riga ya koma ƙwaya ba ya gama narkewa in an sauke tukunya, sai ya ɓuya a ciki yana jan sauran har su yi fari a shagon mutane. Na ce Goggo ba ta sani ba sai yau. Na ce ni na zuba, Manaja ne ya ce in zuba.

"Ni?" in ji Manaja. "Yaya, ka ji sharri. Ni me na sani a harkar tukunya?"

"Wannan kam gaskiya ne," in ji taga.

Mai Kamfani ya dubi ƙanen matarsa, ya daɗe yana dubansa. Na ga ya gane. Na kuma ga yana tuna gidan da zai koma da yamma. Ya sauke ido a kaina.

"Da hannunka ka zuba?"

"Da hannuna."

"Ka san ba a yi?"

"An koya mini."

"To ka je gida ka huta. Zan neme ka."

Kowa a ɗakin ya san ma'anar wannan neman. Na tuna matata tana ninke 'yan kayan jariri a kan gado. Na cire rigar aiki na rataya a ƙusa.

"Na ji, ranka ya daɗe. Saura abu ɗaya. A zauren naɗi aka kira Goggo ɓarauniya, a gaban mata. A can za a ce ba ita ba ce."

"Ai kowa ya gani, magana ta wuce."

"Sun gani, amma ba su ji ba."

"Kai ne za ka tsara mini abin da zan yi a kamfanina?"

"A'a, roƙo nake. Sai dai ba zan fita ba sai an yi."

Na jawo bokitin da muke kifewa, na zauna a kai a bakin ƙofar ɗakin tebur, ta inda kowa zai bi. Manaja ya ce a kira mai gadi. Mai gadi ya zo, ya dube ni, ya dubi Mai Kamfani, ya ce bayansa na ciwo tun jiya. Wuyan hannuna na zafi kamar an ɗora garwashi, na rufe shi da ɗaya hannun na ci gaba da zama.

Mai Kamfani ya yi ajiyar zuciya. "Wannan taurin kan na gidanku ne, ko?"

"Daga wajen uba," in ji Goggo.

Ya ce in matsa ya wuce. Na tashi, muka bi shi zaure. Ya sa aka kira Goggo, wannan karon ta taso, tana jan ƙafarta mai ciwo, ta tsaya a daidai inda ta tsaya da safe. Mai Kamfani ya gyara murya, ya ce Goggo ba ta ɗauki komai ba, ba ta zuba komai ba, shekara ashirin da biyu bai taɓa ganin ta da abin wani ba, kuma wanda ya faɗi akasin haka ya yi kuskure.

"Ban ji na ƙarshen ba," in ji Goggo. "Kunnen ya tsufa."

Ya maimaita, da ƙarfi. Manaja na kallon silin. Shugabar masu naɗi ta fara hawaye tana cewa ita zancen jaka kawai aka tambaye ta, Goggo ta ce ta share fuska kada ta jiƙa leda. Ta ɗauki rigar aikinta daga inda ta ajiye, ta warware, ta ɗaura. Sannan ta miƙa wa Mai Kamfani hannu, ya ba ta takardar.

Na bi ta ɗakin wuta don in ɗauki takalmina da ke bayan ƙofa. Ta murɗe takardar ta yi tsinke da ita, ta kyasta ashana ta kunna bakin takardar, ta kunna babban murhu da ita, ta jefa sauran a bokiti. Mai Kamfani ya leƙo yana tambaya ko za a sami tukunya biyu kafin a tashi.

"Dafawa zan dafa," in ji ta. "Amma tukunya ba ta da ƙafa. Sai ka turo Manaja ya ɗauka, tunda yana son sauri."

Ya dube ni, ya juya ya tafi. Ban sani ba ko zai neme ni.

Na durƙusa ina ɗaura igiyar takalmi da hannu ɗaya da rabi. Fatar wurin ƙunar ta tashi ta yi ruwa. Goggo na auna sukari, bayanta na gare ni. Ta zuba ruwa a tukunya, ta ɗauki buroshi ta duba bakinsa. Sai ta sa ƙafa ta turo kwanon ruwan sanyi a kan siminti, ya zo ya tsaya a gabana, ta ci gaba da aikinta.

Na tsoma hannun a ciki.